Filin ƙwallon haya da muke zuwa Alhamis da dare a Madina, shin riyal 15 ɗina tana biya?

Wani sabon ɗalibi da ya iso wannan zangon, har yanzu yana Ma'ahad ɗin koyon Larabci bai shiga kulliya (tsangayar jami'a) ba, ya tare ni a bakin mat'am, wato ɗakin cin abinci, bayan Azahar ya rage murya ya ce, Malam wai da gaske ne kuna buga ƙwallo a garin nan? Yadda ya yi tambayar ka rantse da sigari ya kama ni. Na ce masa Ustaz da gaske ne mana, tun 1961 aka kafa Jami'ar Musulunci ta Madina, sama da shekara sittin kenan ana zuwa karatu, kana ganin duk tsawon lokacin nan ba a taɓa samun wanda ya rufe littafi ya taka leda ba? Ya yi dariya ya ce to ina ne wurin, nawa ake biya. Shi ne na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, don ba shi kaɗai ke tambaya ba.

Sunan filin dai ba zan faɗa ba, saboda akwai abin da zan yi ƙorafi a kai a ƙasa kuma ba na son a ce na ɓata wa mutum sana'a. Wanda yake son zuwa ya san inda zai same ni. Yana can bayan gari, in kun haɗu ku huɗu kun kira Careem ko Uber daga sakan, wato masaukin ɗalibai, bai fi minti goma sha biyar ba in babu cunkoso. Dalilin da ya sa muke haya kuwa, rabin 'yan wasanmu ba ɗalibai ba ne, akwai direba, akwai tela, akwai mai aiki a otal kusa da Harami, sai kuma samari uku 'ya'yan Hausawan Madina waɗanda a nan aka haifi har iyayensu. Dole sai wurin da kowa zai iya shiga.

Kuɗin, awa ɗaya da rabi riyal 210 muke biya, mu 14 ne bakwai-bakwai, kowa ya kawo 15. Dala 4 ce cif tunda riyal 3.75 ne dala ɗaya kuma haka take tun kafin a haifi yawancinmu. Naira kam kar ka lissafa, na hana kaina wannan tun shekarar farko don in ka fara juya kuɗin shayi zuwa naira ba za ka ƙara shan shayi ba. Ana yin hajzu, wato kama lokaci, ta WhatsApp, ka tura arbun, wato kafin alƙalami, riyal 50, sauran in kun zo. Ga mai jiran mukafa'a, wato alawus ɗin da jami'a ke ba ɗalibai duk wata, riyal 60 a wata kan ƙwallo ba ƙaramin abu ba ne, ban da kuɗin mota, shi ya sa nake ganin ina da haƙƙin in yi wa wurin binciken ƙwaf.

Lokacinmu ƙarfe goma zuwa sha ɗaya da rabi na dare ranar Alhamis, wato daren Juma'a a lissafin malamai kafin wani ya gyara min. Tun 2013 hutun mako a ƙasar nan ya koma Juma'a da Asabar, don haka wannan daren kowa ke so kuma shi ya fi wuyar samu, in ba ka kama tun Litinin ba to ka haƙura. Da rana kuwa kar ma ka fara. Zafin Madina a watan Yuli da Agusta yana haura 40 ba wasa, kuma ciyawar roba tana riƙe zafi fiye da ƙasa, mun taɓa gwada bayan La'asar sau ɗaya saboda ya fi araha, wlh ta cikin takalmi kake jin tafin ƙafarka na dahuwa, minti ashirin gola ya ce shi ya tuba. Lokacin sanyi kuma, Disamba da Janairu, akwai wata iska da ke kaɗowa da dare sai ka tuna hunturun Kano, amma wannan shi ne lokacin da wasa ya fi daɗi.

To ciyawar kanta. Tsakiyar fili da gefe lafiya lau, ƙwallo tana tafiya sumul, ga wanda ya taso yana buga ƙwallo a filin makarantar firamare mai tsakuwa da kwalabe kamar ni ranar farko sai da na tsaya ina shafa ta da hannu. Amma gaban raga ɗaya, ta ɓangaren ƙofar shiga, ciyawar ta cinye ta kwanta har wani wuri ɗinkin ya ɗan ɗaga, in ka zo da gudu ka juya a nan sai Allah. Telanmu a daidai wurin ya gurɗe idon sawu ya yi sati uku yana taka keken ɗinki da ƙafa ɗaya. Mun faɗa wa mai gadin wurin ya fi sau uku, kullum inshallah bukra, wato gobe, har yanzu bukrar ba ta zo ba. Sai waɗannan baƙaƙen ƙwayoyin robar da ake zubawa cikin ciyawar don ta yi laushi, na tsofaffin tayoyi da aka niƙa, su kam ba laifin wurin ba ne duk filin roba haka yake, amma ka sani za su bi ka har ɗaki, cikin safa, cikin aljihu, abokin ɗakina ɗan Indunusiya ya taɓa tsinto ɗaya a cikin littafinsa ya kawo min da ladabi ya ce ya akhi wannan naka ne.

Shawara biyu a nan. Kar ka zo da but mai dogayen ƙusoshi na filin ciyawar gaske, yana kama robar ƙafa ta tsaya gwiwa ta wuce, nemi mai ƙananan haƙora da yawa a ƙasa. Na biyu kar ka yi sulu, robar nan ƙona fata take kamar an goga maka dutsen guga, gobe Juma'a ka je Harami ka kasa zaman tahiya daidai kowa na kallonka.

Abin da ya sa muka manne wa wurin duk da haka ba ciyawar ba ce. Fitilunsu ne na farko, haske tar ko'ina babu lungun da ƙwallo ke ɓacewa, mun buga a wani filin da fitila ɗaya ta mutu gola yana kama iska. Na biyu raga ta zagaye filin har sama, ba a ɓata lokaci wajen ɗauko ƙwallo, sai dai wata ɓula ɗaya a kusurwa wadda direbanmu ya ƙware wajen samunta, in ta fita nan gonar dabinon maƙwabta take faɗawa kuma wanda ya buga shi zai zagaya. Na uku, kuma ni a wurina shi ne babba, banɗaki da wurin alwala a tsaftace suke kullum, akwai ɗan musalla da darduma mai kyau da AC, wanda aiki ya riƙe shi bai samu Isha'i ba yana zuwa ya yi abinsa kafin a fara. Suna ba da riguna masu launi biyu na rarrabe 'yan wasa, a wanke, ba irin waɗanda za ka saka ka ji warin mutum bakwai ba. Ruwa akwai firij suna sayarwa, amma mu katan muke sayowa a bakala, wato kanti, ya fi sauƙi kuma ba su taɓa hana mu shiga da shi ba.

Yanzu ƙorafin. Wani dare mun iso goma saura, mun tarar da wasu shabab a ciki wasa ya yi zafi babu alamar fita. Muka sami mai gadin, bawan Allah ɗan Sudan ne mai fara'a, kyaftin ɗinmu da muke kira Alaramma ya ce ya zol lokacinmu ya yi fa, ya ce khamsa dagayig bas. Minti biyar ɗin nan sai da ta zama talatin da biyar, ashe an ba mu lokaci ɗaya ne mu da su, shi ya karɓi namu ta waya mai wurin kuma ya karɓi nasu. Wannan ma da sauƙi, kuskure ne ana yi. Abin da ya ƙona min rai shi ne sha ɗaya da rabi na bugawa aka fara ƙyafta mana fitila wai masu zuwa bayanmu sun iso, kuma aka nemi 210 cif. Ni da tuni na ɗaga murya, amma Alaramma ya riƙe hannuna ya ce Malam bari, ya biya, ya koma sakan ya rubuta wa mai wurin doguwar wasiƙa da Larabcin da ko a jarrabawar balaga sai haka. Gaskiya mutumin ya ba da haƙuri kuma sati na gaba ya ƙara mana rabin awa kyauta. Tun daga nan ba ma tura arbun sai an rubuto mana rana da lokaci a saƙo, daga lambar mai wurin ba ta mai gadi ba. Kuma ka riƙe tsabar kuɗi, na'urar katin Mada ɗinsu, wato katin banki, rabin lokaci shabaka (network) ba ta aiki.

Wani abin da ba ya cikin kuɗin haya amma a filin na same shi, samarin nan uku. Hausarsu ta gauraye da Larabcin Hijaz, sai ka ji ɗaya ya ce yalla ba ni kura mana, ƙwallo kenan a Larabci, amma in suka gaishe ka sai ka ji irin gaisuwar kakanni da mu ma mun fara mantawa. Kakanninsu a ƙasa suka zo aikin Hajji ta Chadi da Sudan suka tsallako Bahar Maliya suka zauna. Su suka fara tuna min cewa a tawagar Saudiyya ta Kofin Duniya na 2018 masu sunan Hawsawi, wato Bahaushe, uku ne, Osama da Omar da Motaz, kuma Osama ne kyaftin. Kullum sai an yi musu a benci, biyu cikin samarin magoya bayan Al-Ittihad ne ɗaya Al-Hilal, mu kuma yawancinmu Al-Nassr muke yi, kuma ina gaya musu ba don Ronaldo ba ne da ya zo a farkon 2023, mu tun Ahmed Musa muke ciki, ya zo 2018 ya ci lig da su a kakarsa ta farko. Ranar 22 ga Nuwamba 2022 da Saudiyya ta doke Ajantina 2 da 1 a Katar har aka ba da hutu washegari, babban cikinsu ya ce mahaifinsa da bai taɓa kallon ƙwallo ba sai da ya fito ƙofar gida yana tambayar waye Salem Al-Dawsari da ya ci ƙwallon nasara. Yanzu maganarsu ɗaya 2034, wai mu dawo mu kalli Kofin Duniya a gidansu masauki kyauta, na ce Allah ya kai mu, ni dai in gama risala, wato kundin bincikena, tukuna.

Su ne kuma suka kai mu wurin mai siriya bayan wasa. Siriya tsire ne, tsirenmu na gida da ƙuli da yaji da albasa, sunan ne kawai ya sha ruwan Hijaz, har Larabawa layi suke yi. In aljihu ya yi ƙasa kuma sai a tsaya a ci mutabbaƙ ko tamis da ful a kora da laban, a koma sakan wajen ƙarfe ɗaya, a yi ta fama da ƙararrawar Asuba.

In maki ne zan ba filin 7 cikin 10. Da za su gyara gaban ragar nan su kuma bar hajzu a hannun mutum ɗaya da na ba su 9. Ga wanda yake Ma'ahad ko shekarar farko, kana zaune daga muhadara, wato lacca, sai ɗaki sai Harami sai ɗaki, shinkafar bukhari tana taruwa a ciki, ni ban ga inda riyal 15 za ta yi maka aikin da ta fi wannan ba, ko kai ba gwani ba ne ana neman 'yan baya kullum. Wanda gwiwarsa ba ta da lafiya kuma gara ya bi titin masu tafiya a ƙafa daga Harami zuwa Masallacin Ƙuba, wajen kilomita 3 ne, kyauta, ga lada.

Sabon ɗalibin nan ya zo makon jiya, da dogon wando da takalmin aro wanda ya yi masa yawa, muka sa shi a baya don kar ya ji kunya. Ashe a unguwarsu a Zariya lamba tara yake bugawa, ya yanke Alaramma sau biyu ya ci mu uku. Riyal 15 ɗinsa dai ni na biya, ya ce sai mukafa'a ta shigo.