Faifan Black Angels na Kronos Quartet: wata uku ina sauraronsa a Tawa

Ƙanwata da ke karatu a Faransa ce ta kawo mani faifan nan tsaraba lokacin da ta zo hutu. Da ta miƙo mani shi ta ce, "Yaya, tun da ba ka gajiya da jin goge, ga gogen Turawa, amma ka shirya kunnenka." Ban ɗauki maganar da nauyi ba. Na sa shi da yamma a tsakar gida, na ɗaga murya kamar yadda na saba yi wa rediyo, sai wata ƙara ta tashi kamar an watsa dubban ƙwari cikin gwangwani. Uwargida ta fito daga madafa da muciya a hannu tana tambayar abin da ya lalace. Na kashe, na ajiye faifan, ya yi kwana goma ban taɓa shi ba.

Irin wannan kiɗa ana ce masa kiɗan ɗaki, domin makaɗa kaɗan ne ke zama suna fuskantar juna, babu shugaba a gabansu mai kaɗa sanda. A nan su huɗu ne: goge ƙanana biyu, matsakaici ɗaya, da babba mai kaurin murya da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Kowanne tsarkiya huɗu gare shi. Kiɗan da faifan ya ci sunansa wani Ba'amurke ne, George Crumb, ya tsara shi a 1970, lokacin da yaƙin Biyetnam ke ci, har ya rubuta a jikin takardar da Latinanci cewa a zamanin yaƙi aka yi shi. A 1973 wani matashin mai goge, David Harrington, ya ji shi a rediyo cikin dare, ya tashi ya nemi abokai uku don su kaɗa shi. Haka ƙungiyar Kronos ta samo asali a birnin Siyatil. Sai a 1990 suka fitar da shi a faifai, a kamfanin Nonesuch.

Abin da ya maido ni gare shi shi ne wani dare na lokacin ɗari da aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, unguwa ta yi tsit, babu ko kukan babur. Na sa abin sauraro a kunne, na kwanta kan tabarma. Nan na gane kuskurena na farko. Ƙarar nan ta buɗewa, wadda Crumb ya kira daren ƙwarin lantarki, ba ta daɗewa. Tana faɗuwa ƙasa ta koma kamar raɗa, ta sake tashi, ta sake faɗuwa. Wanda ya taɓa tsayawa a gonar hatsi ya ji tashin fara daga nesa, ya san kakar bana tana cikin haɗari, ya san wannan sauti da irin tsoron da ke tare da shi. Kuma an ɗaura wa gogunan na'urar ƙara sauti, shi ya sa ake jin kowane ƙaramin motsi na izga a kan tsarkiya.

A nan ne na ga mu 'yan Adar muna da wata sa'a da ba mu sani ba. Na girma ina jin masu goge a bukukuwa. Gogenmu ƙwarya ce da fata da tsarkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki, mai shi ya shafa wa izga ƙaro ya ja, muryar ta fito da kaushi da ɗan huci a gefenta. Ba wanda ya taɓa cewa kaushin nan aibi ne, shi ne ma ke sa tsigar jiki ta tashi. Makaɗan Turai an daɗe ana koya masu su ɓoye shi, su fitar da murya sumul. Crumb ya fito da shi fili ya mai da shi abin saurare. Da kunnena ya kama wannan, kiɗan ya daina zame mani baƙo.

Kashi goma sha uku ne, duka kusan minti 20, an raba su gida uku: tafiya, rashi, dawowa. Lamba 7 da 13 ke riƙe da ginin. Makaɗan ba goge kaɗai suke ja ba. Suna girgiza caki, suna buga faifan ƙarfe, suna kaɗa harshe, suna ƙirga lambobi da raɗa ko da tsawa cikin harsuna daban-daban, har da Faransanci da Jamusanci da Swahili. Akwai inda suka ɗauko wani tsohon amon Schubert, mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya, suka kaɗa shi a raunane, kamar ana jinsa ta bayan katanga.

Wurin da na fi maimaitawa yana kusa da ƙarshe. Uku daga cikinsu suna ajiye goge, su ɗauki kofunan gilashi da aka zuba wa ruwa, wani da yawa wani kaɗan don kowanne ya ba da amonsa, su goga izga a bakinsu. Sauti ne siriri, mai sanyi, kamar ba hannun mutum ke fitar da shi ba. A kansa babban gogen, a hannun Joan Jeanrenaud, yake rera wani amo a can sama, a hankali, ba gaggawa. Bayan duk wannan tashin hankali, wurin nan ya zo mani kamar ruwan randa bayan tafiyar rana. Na ji shi ya fi sau talatin, har yanzu ina riƙe numfashi in ya zo.

Wata rana na ba kawuna ya ji, dattijon da ya yi ƙuruciyarsa yana bin masu goge daga ƙauye zuwa ƙauye. Ya saurara ido rufe har ƙarshe, ya cire abin kunnen ya ce, "Ɗana, waɗannan mutuwa aka yi masu." Ban gaya masa komai game da yaƙin ba kafin nan. Sai ya ƙara da cewa abin da ya rasa ciki shi ne ganga ko ƙwarya da za ta riƙe ƙafa. Gaskiya ya faɗa. Mai neman abin takawa ba zai samu a nan ba.

Sauran faifan ma duk inuwar yaƙi ce a kansa. Bayan Crumb akwai wani tsohon kiɗan coci na Thomas Tallis ɗan Ingila, wanda asalinsa na muryoyi 40 ne, aka juya shi ga goge. Ya zauna daidai a wurin, yana kwantar da hankali. Na István Márta ɗan Hungari ya fi kama ni: an naɗo muryoyin matan ƙauye suna waƙar kuka, gogunan na zagaye su. Ban san ko kalma ɗaya ta harshensu ba, amma na san wannan kukan daga gidajen makoki. Na Charles Ives Ba'amurke, inda ake jin tsohuwar muryarsa yana waƙa yana dukan fiyano, har yau bai shige ni ba, nakan tsallake shi. Faifan ya rufe da kiɗan goge huɗu na 8 na Shostakovich ɗan Rasha, wanda ya rubuta cikin kwana uku a 1960 kusa da birnin Diresden da yaƙin duniya na biyu ya rusa, ya sadaukar ga waɗanda yaƙi da mulkin fasist suka hallaka. Shi ya fi sauƙin shiga kunne, kuma wanda bai saba ba ina ganin gara ya fara da shi sannan ya koma baya.

Matsalar da za a fuskanta a garinmu ita ce tazarar da ke tsakanin ƙara da raɗa a faifan nan. Tana da faɗi sosai. In ka ɗaga murya don jin kofunan gilashi, tsawar gaba za ta sare maka kunne. In ka rage, rabin kiɗan ya ɓace ƙarƙashin kukan fanka. Da bazara ban iya jinsa da rana ba sam. A lasifikar salula kuwa ba a jin komai sai ƙara, kuma abin kunne mai araha da na fara saya a kasuwa ya cinye muryar babban gogen gaba ɗaya, sai da na nemi mai rufe kunne duka. A fada wurin shan shayi ma na gwada sau ɗaya, hira ta danne shi tun bai yi minti biyu ba.

Yanzu lokacinsa a wurina bayan sallar isha'i ne, in yara sun kwanta. Na ce wa ƙanwata in za ta dawo ta nemo mani Pieces of Africa, wanda Kronos suka fitar a 1992 da kiɗan masu tsarawa na nahiyarmu, irin su Hamza El Din da Foday Musa Suso ɗan Gambiya. Kawu ya ce shi ma a kira shi ranar da ya iso, yana so ya ji ko a can sun sa ganga.