18650 ko LiPo ga motar rimot lokacin hunturu

Malam Nasiru, kan zancen batirin motar rimot ɗin yaronka da tsoron da kake kar sanyin ga ya kashe shi, tsakanin 18650 (batirin lithium ɗan dogo mai zagaye da ake yi ma caji) da LiPo (batirin lithium shimfiɗaɗɗe da ke cikin leda), ni dai 18650 zan ce ka ɗauka.

Nawa guda biyu ne, Samsung 30Q, wani ɗan uwana ya taho min da su daga Kano, hunturu uku ke nan suna hannuna. Bara da na tahi gida Gwadabawa na manta su cikin durowa wajen wata biyu, ga sanyin asuba ga ƙurar hazo, da na dawo na ɗora mita ƙarfinsu na nan kusan yadda na bar shi, na yi caji yara suka yi ta tsere da motar tsakar gida har aka kira magariba. LiPo kuwa, to, ya fi fizga kuma bai da nauyi, amma nawa na bar shi cike da caji sati uku sai na iske ya kumbura kamar fanke, jefar da shi na yi.

Sanyin Sakkwato bai kai inda ake tsoro ba. Cajin lithium na zama matsala ne ƙasa da digiri 0, irin na Turai, mu ko Janairu ba mu kai can. Sai dai da sassafe za ka ga motar ta yi sanyin jiki, bar batirin cikin ɗaki sanyin ya ɗan sake shi kafin caji, kar wani ya ce zai kara shi jikin kaskon gawayi wai ya ji ɗumi, wallahi gobara ce. Zafin Afrilu da Mayu ne ke cinye batir a garin ga, kar a bar shi cikin motar hawa.

In za a aje shi ya daɗe, a bar shi wajen 3.7 zuwa 3.8V, ba cike 4.2 ba, cikin robar da ke da murfi, ban da makulli ko tsabar ƙarfe kusa.

Ka yi hattara da masu saida 18650 da anka rubuta ma 9900mAh (awon yawan cajin da yake ɗauka ke nan), ƙarya ce tsagwaronta, na gaskiya iyakarsa wajen 3500. Ɗauka ka ji a hannu, na ainihi na da nauyi, giram 45 haka, na bogi fayau. Kuma ka duba motar ko 7.4V take ci, in haka ne biyu za ka saya, don guda ɗaya wajen 3.7V yake badawa.