Faifan Koo Nimo: jita, yatsu biyu da tsakar gida

Ni tela ne a Aboabo, nan Kumasi, kuma ban taɓa kai bammi bakina ba. Amma kiɗan da ake alaƙantawa da mashayar bammi, shi ke rakiyata a shago tun safe. Faifan da na fi sakawa shi ne Highlife Roots Revival na Koo Nimo, wanda kamfanin Riverboat ya fitar a 2012, lokacin dattijon yana dab da shekara 80.

Sunansa na baftisma Daniel Amponsah, an haife shi a Foase cikin ƙasar Asante a 1934. Ya daɗe yana aikin ɗakin gwaje-gwaje a jami'ar kimiyya da fasaha ta garin nan, jita kuwa ba ta taɓa barin hannunsa ba. Salon da yake kaɗawa daga bakin teku ya hauro. Mutanen Kru na Laberiya, waɗanda suka shahara da aikin jiragen ruwan Turawa, su suka riƙa yawo da jita daga Firitawun zuwa gaɓar Gana har Legas, suna kaɗa ta da yatsu biyu kacal: babban yatsa na riƙe da amon ƙasa, manuniya na tsinko waƙar a sama. 'Yan Gana suka ɗauka, har wasu makaɗa da ake kira Kumasi Trio suka je Landan a 1928 aka naɗi kiɗansu. Koo Nimo ya gaji wannan, ya zuba masa karin maganar Asante.

Abin da ya sa nake yabon faifan shi ne ba a yi masa kwalliya ba. A gidan dattijon aka naɗe shi, ba a situdiyo ba, ana ma jiyo hayaniyar tsakar gida ta bayan fage. Wani abokin aikina ya ce wannan sakaci ne. Ni kuwa a ganina nan daɗin yake, don kiɗan tun asali na zaman hira ne a gindin bishiya. Ka kasa kunne da kyau, za ka ji babban yatsan nan yana tafiyarsa ba gaggawa, manuniya na shigowa a tsakanin bugu, kamar yadda mai gurmi ke amsa wa kansa da kansa. Sai ƙararrawar ƙarfe ta riƙe lokaci, 'yan amshi su karɓa. Muryarsa ta tsufa, tana ɗan rawa, wani lokacin ma magana yake yi ba waƙa ba, kuma hakan ya dace da shi ƙwarai. Ina taka keke, ƙafata na bin bugun ba tare da na sani ba.

Sai dai akwai inda za a yi haƙuri. Yawancin waƙoƙin da harshen Twi na mutanen Asante ne, kuma labarai ne da karin magana. Mu da muka tashi a zango muna jin Twi, muna morewa. Ɗan'uwana da ya zo daga Sakkwato ya saurari uku ya ce duk iri ɗaya ne, kuma ban ga laifinsa ba: wanda bai ji maganar ba, rabin abin ya wuce shi. Mai neman kiɗan rawar biki ma ya nemi wani faifan.

Shawarata ɗaya: kada a saurare shi da lasifikar waya. Amon ƙasa duk ɓacewa yake, sai ƙarar tsirkiya kawai. A samu 'yar sifika mai kyau ko abin sawa a kunne. A kuma guji kwafin da ake turawa a katin waya a kasuwa. Wanda wani yaro ya taɓa tura mini, an matse sautin har gangunan sun koma kamar ana buga kwali. Na ainihin yana nan a manhajojin sauraron waƙa na intanet.