Matsattsen ɗakin harsashi ko sakakke: amsa ga ɗan'uwanmu na Nima, Akra

Ɗan'uwa, ka ce lasisinka ya fito daga wajen 'yan sanda, kana neman bindigar .22 ta harbin saiti, kuma an nuna maka biyu: ɗaya ɗakin harsashinta (inda harsashi ke kwanciya a gindin bututu) na gasa ne, matsattse, ɗayar na gama-gari, sakakke. Kana tambaya wacce ta fi kai harsashi inda aka nufa.

Sai an fara da harsashin kansa. Tun 1887 ake ƙera .22 LR, wato harsashin irin wannan bindiga, kuma siffarsa ba ta sauya ba: kansa dalma ce mai laushi da aka shafa wa kaki, faɗinsa ɗaya da na kwanso, gindinsa kawai aka sirantar aka cusa ciki. Abin da ke tayar da wuta yana cikin leɓen gindin kwanson, shi ya sa ba a saba sake ɗura shi a gida ba. Masu manyan bindigogi sukan tura kan harsashi ciki ko su fito da shi kaɗan har su dace da abin da bututunsu ke so. Mu ba mu da wannan damar. Yadda kamfani ya zaunar da shi, haka za ka harba. Aikin gaba ɗaya ya koma kan ɗakin da harsashin ke kwanciya.

Sakakken ɗaki an yi shi ne don ya haɗiye kowane irin harsashi, ko bindigar ta yi datti. Ya fi faɗi, ya fi tsawo. Harsashi yana kwance ciki kamar ƙafa a takalmin aro, kuma in an ja kunama sai ya yi ɗan tsalle kafin ya iske zaren da ke murɗe cikin bututu. In ya shiga a karkace, dalmar ta lotsa ta gefe guda, haka zai fita yana juyawa ba bisa tsakiyarsa ba. A mita 25 da ƙyar ka lura. A mita 50 ramukan sun fara watsewa.

Matsattsen kuwa a hannu za ka ji shi. Kana rufe sakata, a ƙarshe sai ka ji ta ɗan cije, kamar kana danna abu. Zaren bututun ne ya ciji dalma tun kafin a harba. Ka zaro harsashin ba tare da ka harba ba, ka ɗaga shi ga haske, za ka ga ƙananan tsage a jere kewaye da kansa. Ya riga ya daidaita da bututu, babu tsalle, babu karkata. Irin wannan ɗakin ne a bindigogin gasa na Anschütz da Walther na Jamus, haka ma CZ 457 MTR. Dole ne ma, don a gasar Olamfik da'irar maki goma a mita 50 faɗinta milimita 10.4 ne kacal, harsashin kansa 5.6.

Amma fa yana da tsirfa. Kada ka kuskura ka sa masa harsashin CCI Stinger: kwansonsa ya kai milimita 17.8 maimakon 15.6, zai kutsa cikin zaren. Wani lokaci harsashin da ba a harba ba yakan maƙale, ƙugiyar da ke zaro kwanso ta kasa jawo shi. Sannan toka da kaki suna taruwa su yi zobe mai tauri daidai inda ɗakin ya haɗu da zaren bututu, in ba ka goge ba saitin ya lalace, ga laimar Akra da ba ta barin ƙarfe ya huta. Bindiga mai ɗura kanta irin Ruger 10/22 ba ta jure wannan matsin, shi ya sa aka ƙirƙiro wa irinta ɗaki na tsaka-tsaki da ake kira Bentz.

A ganina, tambayar da ta kamata ka fara yi wa dillali ita ce wane harsashi yake iya kawo maka kullum. Matsattsen ɗaki ba ya nuna bajintarsa sai da harsasan gasa irin su Eley Tenex, Lapua Midas+ ko RWS R50, masu gudun wajen mita 320 zuwa 330 a daƙiƙa, ƙasa da gudun sauti. Gwanayen Turai har zuwa suke da bindigarsu wurin gwaji na kamfani, su zaɓi rukunin harsashi, wato waɗanda aka ƙera a zubi ɗaya, da ya dace da bututunsu. A nan kuwa abin da ya shigo shi za ka samu. In harsashi mai gudu na farauta ne kawai a hannu, ɗauki sakakkiyar, ragowar kuɗin ka sa a madubin saiti. In dillalin zai iya tsaya maka da na gasa, matsattsiyar ta fi, ba gardama. Ka gwada harbi biyar-biyar sau da yawa a mita 50, wanda ya fi haɗa ramuka ka duba lambar rukunin a jikin kwalin, ka sayi iya adadin da lasisinka ya yarda daga wannan lambar.