Haɗin leda da haɗin filin ƙwallo ba ɗaya ba ne

Malam, ka tambaya ko haɗin ƙasa da kake renon dashen mangwaro da shi a leda zai yi maka a filin ƙwallon makarantarku. Ba zai yi ba, kuma takawa ce ta raba su.

Ledar dashe ba mai taka ta, don haka yashi a nan ɗan rakiya ne: kwanon sarki biyu na ƙasar gona, ɗaya na yashi, ɗaya na takin shanu da ya ruɓe sosai. Ƙasar ta riƙe danshi, yashin ya buɗa wa ruwa hanya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, ledar da ba a huda gindinta ba kuma tana ruɓar da ita.

Fili kuwa kullum cikin shan kirɓa yake. Ka zuba wancan haɗin, ruwan Agusta ya sauka, yara su buga wasa biyu, ya zama taɓo. Rani na yi ya ƙame kamar tubali, ciyawar kiri-kiri ma ta kasa ratsa shi. Shi ya sa a fili yashi ne mai gida: kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, sauran ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe, kaurin santimita 30 a kan tsakuwa mai santimita 10, da bututun fitar da ruwa a ƙasa. Fili mai mita 105 da 68 zai ci sama da kubik mita 2,000. Lissafa tifa nawa ke nan kafin ka yi wa hedimasta alkawari.

Kuma ba kowane yashi ba. Mai garas-garas ake so, milimita 0.25 zuwa 1, ba lallausan na filasta ba, wanda ke toshe kafofin iska. Ko daga Challawa ko Wudil aka ɗebo shi, gwada kafin a juye: zuba a gora, ƙara ruwa, girgiza. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya. In ruwan ya daɗe jajir, ko laka ta yi kauri a sama washegari, mayar da tifar.

Sai dai yashi ba ya ajiyar ruwa ko takin zamani. A zafin Maris da Afrilu ban ruwa kullum ne, NPK kuma kaɗan-kaɗan a kai a kai. In makarantar ba ta da burtsatse, bar ƙasarku yadda take, a ɗan tudunta tsakiyar filin don ruwa ya gangare gefe, a riƙa huda shi ana cike ramukan da yashi.