Tumatir a kan burodi: na Italiya da na Kataloniya, wanne za ki yi?

Anti, kin ce kin ga ana yi iri biyu: wasu na yayyanka tumatir su tula a kan gasasshen burodi, wasu kuma goga tumatirin suke yi a jikin burodin har ya yi ja. Kina so ki san ko abu ɗaya ne, da kuma wanda ya fi dacewa ki yi wa baƙi. To ba ɗaya ba ne, ko ƙasarsu ma daban, duk da cewa kayan haɗin kusan guda ne: burodi, tumatir, tafarnuwa, man zaitun da gishiri.

Na yankawar shi ne bruschetta na Italiya, kuma "brusketta" ake faɗa, don su can ch ɗinsu k ne. Sunan ya fito daga bruscare, kalmar mutanen Roma mai nufin gasawa a kan garwashi. Asalinsa ma babu ruwansa da tumatir. A yankin Toskana har yau suna cin shi haka zalla, burodi da tafarnuwa da mai da gishiri, suna kiransa fettunta, musamman wajen watan Nuwamba lokacin da ake matse sabon man zaitun. Shi tumatir baƙo ne, sai a ƙarni na 16 ya iso Turai daga nahiyar Amurka. Na gogawar kuma pa amb tomàquet sunansa, abincin Kataloniya, yankin da birnin Basalona yake a ƙasar Sifen.

Inda suka raba hanya shi ne ruwan tumatir. Bruschetta gudun ruwan yake yi, na Kataloniya kuwa ruwan yake nema. Idan kin riƙe wannan, sauran duk mai sauƙi ne.

Ga bruschetta, ki nemi tumatir mai tsoka, nunanne amma da ƙarfinsa, irin doguwar UTC ɗin nan ta kasuwa. Guda 4 sun ishi yanka 6 zuwa 8 na burodi. Ki tsaga, ki ƙwaƙule 'ya'yan da ruwan ciki da ɗan yatsa, ki yayyanka ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa. Ki barbaɗa gishiri ki zuba a kwalanda na minti 15. Ki leƙa kwanon da ke ƙasa ki ga ruwan da ya tsiyaye, da duk a cikin burodinki zai ƙare. Sannan ki zuba man zaitun cokali 2, ɗan masoro, da ganyen ɗaɗɗoya da kika yayyaga da hannu. Ki yi hankali da ɗaɗɗoyar, tamu ta fi wadda Italiyawa ke amfani da ita ƙarfin ƙamshi, ganye 3 ko 4 sun wadatar, in ba haka ba sai ki ji kamar farfesu kike ci. Tafarnuwa kuwa ba a cikin haɗin ake saka ta ba. Ki ɓare sala ɗaya, ki raba biyu, ki goga a fuskar burodin tun yana da zafi. Kaushin da gashi ya sa wa burodin shi ne zai kankare ta kamar magogi. Sau biyu ko uku kawai, kada ta yi yaji.

Na Kataloniya aikinsa bai kai rabin wannan ba. Tumatirin da ya nuna luguf, wanda mai tumatir ke ware miki a gefen faranti ya rage kuɗi, shi ake so, muddin bai fara ruɓa ba. Ki raba shi biyu ta ciki, ki murza a kan burodin har ya zama ɓawo kaɗai ya rage a hannunki, ki yar. Ki ɗiga mai, ki barbaɗa gishiri, shi ke nan. Tafarnuwa in kin so, a fara goga ta kafin tumatir. Su can suna ɗora masa busasshen naman alade, ke sai ki ɗora kilishi, wainar ƙwai ko kifin gwangwani.

Burodi ne zai fi ba ki wahala, ba tumatir ba. Burodinmu mai laushi da sukari bai jure ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ya fi shan kashi a na Kataloniya, kina murzawa zai yage. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun huta, dogon burodin nan na Faransa mai ƙarfin ɓawo a bakin titi ake sayar musu. Idan kin samu irinsa, wanda ya kwana ɗaya ya fi sabo. In kuma mai laushin ne kaɗai a hannu, ki yanka da kauri kamar babban yatsa, ki gasa a hankali a busasshen kasko har ya bushe ciki da waje, ki yi bruschetta da shi. Kurfoti ya fi kasko, in garwashin ya yi toka-toka ki ɗora raga, minti ɗaya ko biyu kowane gefe, ƙamshin hayaƙin nan shi ne ainihin abin.

Batun baƙi kuma, bruschetta ya fi kyan gani a faranti, ja da kore, amma ba ya jira. Ranar da na fara yi, na jera shi tsaf tun ana kiran la'asar, baƙin ba su iso ba sai wajen ƙarfe biyar. Ko da na ɗauki ɗaya sai ya lanƙwashe, tumatirin ya zube a zanina, kamar burodin da aka tsoma a shayi. Tun daga ranar nake ajiye haɗin a kwano daban, burodin daban, sai sun zauna nake ɗorawa. Kuma kada ki sa haɗin a firji, sanyi na dakushe ƙamshin tumatir.

Ni dai na baƙi bruschetta nake yi, na karin safe kuwa na Kataloniya, don kafin ruwan shayi ya tafasa na gama. Ki duba kwandonki ki latsa tumatirin: in ya tsaya da ƙarfinsa ki ɗauko wuƙa, in ya lotsa ki murza shi.