Wata biyu da littafin Edith Penrose a hannuna

Ƙanena da ke karatun kasuwanci a jami'a ne ya kawo mini littafin, bayan ya gaji da jin ƙorafina kan reshe na biyu na gidan burodinmu. Sunan littafin The Theory of the Growth of the Firm, wato nazari kan yadda kamfani ke girma, na masaniyar tattalin arziki Edith Penrose, ya fito a 1959. Sai da na yi wata biyu kafin na kai ƙarshensa.

A wurin Penrose, kamfani tarin kayan aiki ne da mutane, kuma girmansa ya danganta da irin amfanin da masu tafiyar da shi suka iya fitarwa daga cikinsu. Abin da ke taka masa birki kuwa shi ne ƙarancin waɗanda suka san cikin gidan. Kana iya ɗaukar sabon manaja gobe, amma sanin halin ma'aikata da na abokan ciniki sai ya zauna ya goge, kuma tsofaffin hannu ne za su bar aikinsu su koya masa. Da na zo nan sai na ajiye littafin na yi shiru. Ni da nake ta kukan jari, ashe babban mai gashinmu na raba wa gida biyu, safe can, yamma nan, har burodin ya sauya ɗanɗano a duka biyun.

Matar nan ta burge ni. An haife ta a Los Anjalis a 1914, ta yi digirin digirgir a Jami'ar Johns Hopkins ƙarƙashin Fritz Machlup. A 1954 ta je kamfanin Hercules Powder mai haɗa sinadarai ta ga yadda ake aiki da idonta, shi ya sa maganarta take kama da ta wanda ya san wahalar sana'a. A zamanin Sanata McCarthy, lokacin da ake farautar 'yan gurguzu a Amurka, ita da mijinta suka tsaya wa malamin jami'a Owen Lattimore da ake zargi da alaƙa da 'yan gurguzu, daga baya suka bar Amurka. Ta koyar a Bagadaza, da Landan, da makarantar INSEAD a Faransa. Abin da ya ba ni haushi shi ne yadda masana tattalin arziki suka daɗe ba su ba aikinta muhimmancin da ya dace ba, sai da masu nazarin dabarun kasuwanci irin su Birger Wernerfelt a 1984 da Jay Barney a 1991 suka bunƙasa wannan tunani. Ta rasu a 1996.

Littafin yana da nauyi. Turancinsa na malamai ne, misalai kaɗan, kuma manyan masana'antu take magana a kai, don haka kai ne za ka juya shi ya dace da shagonka. Wanda ba shi da lokaci ya fara da babi na huɗu da na biyar.

Na ɗage buɗe reshe na uku. Yara biyu na sa a gaban tanda tare da mai gashin, sai hannunsu ya faɗa tukuna.